MU ZAGA DUNIYA: Majami'ar da mabuɗinta yake hannun Musulmi

Wannan wata filinmu zai kai ku nesa, can gabas, birnin Ƙudus. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya don na kusa da shi su ji.

Kowa ya san sunan Ƙudus. Musulmi sun san shi don masallacin Al-Aƙsa, alƙibla ta farko. Yahudawa suna da tsohon bango can, inda suke addu'a. Amma yau wuraren ziyarar Kirista za mu duba. Muna da maƙwabta Kirista a Maraɗi, da Galmi, da Dogon Dutsi, da Yamai, kuma ya kamata mutum ya san abin da maƙwabcinshi yake girmamawa. Ban da haka, na ga wani abu a can wanda ya ƙi fita raina. Wani mabuɗi ne na baƙin ƙarfe, irin wanda wasu ke ce ma lakile. Za mu iso gare shi.

Kafin mu kama hanya, ga magana ɗaya. Kirista sun yi imani cewa an gicciye Annabi Isa, wanda suke kira Yesu Almasihu, ya mutu, an binne shi, ya tashi rana ta uku. Musulmi kuwa sun yi imani cewa Allah ya tsirar da shi daga maƙiya, ya ɗauke shi sama da ranshi. Ba gardama muka zo yi ba. In kun ji na ce wuri kaza ne aka yi abu kaza, to yadda masu wurin suka yi imani nake faɗi.

Tsohon birnin ƙarami ne. Bai cika hekta 100 ba, amma mutum fiye da dubu 30 suna zaune ciki. Ganuwarshi ta dutse ce. Sarkin Turkawa Sulaimanu ya sa aka gina ta wajen shekara ta 1538. Tsawonta wajen kilomita 4 ne. Tana da ƙofa 8, ɗaya an toshe ta. Garin yana bisa tudu. Ruwan da suke samu a shekara wajen milimita 550 ne, kusan irin na Maraɗi in damina ta yi kyau. Sai dai nasu ruwan lokacin sanyi yake zuwa, lokacin da mu muke cikin hunturu. Da zafi ko ɗigo ba a yi. Shi ya sa mutanen da suka sassaƙa manyan ramu cikin dutse ƙarƙashin gidajensu, suna tara ruwan sama na shekara.

Maziyarta sun saba farawa daga Dutsen Zaitun, gabas da birni. Nan ma muka fara. Can bisa ƙololuwa akwai wata ƴar ƙubba da ba ta fi rumbun hatsi biyu ba. Cikinta akwai dutse mai alama kamar sawun ƙafa. Kirista sun ce daga nan aka ɗauke Annabi Isa zuwa sama. Wurin yana hannun Musulmi tun zamanin Sarki Salahuddini, fiye da shekara 800 ke nan. Akwai masallaci jikinshi. Sau ɗaya a shekara Kirista suna kafa tantuna cikin filin, su yi sallarsu ta tunawa da wannan rana.

Daga nan hanya ta gangara ƙwarai, sai da muka riƙa dafa bango. A gindin dutsen akwai lambun da ake kira Gatsamani. Ma'anar sunan, wurin matsar mai. Nan Kirista suka ce Annabi Isa ya kwana yana addu'a daren da aka kama shi. Ni dai itacen wurin suka tsaida ni. Tsofaffin itacen zaitun ne guda 8. Gindinsu ya yi kauri, ya murɗe, cikinshi ya rarake kamar na tsohuwar kuka, amma har yanzu suna ƴaƴa. A shekara ta 2012 masana daga Italiya suka faɗi abin da suka gano bayan sun auna uku daga cikinsu: sun kai wajen shekara 900. Sun kuma gano cewa duka takwas ɗin daga uwa ɗaya suke. Wato wani manomi ne ya sari rassan icce ɗaya ya dasa. Ba a san sunanshi ba. Duk shekara, wajen watan Oktoba, ana tsinkar ƴaƴan, a matse mai, ƙwallon kuma a yi tasbaha da shi. Na tsaya ina tunanin yawan hannuwan da suka yi ma itacen nan sassabe da ban ruwa, sarakuna na zuwa suna wucewa.

Kusa da lambun akwai matakala fiye da 40 da ke nutsawa cikin ƙasa, zuwa inda Kiristan gabas suka ce kabarin Nana Maryama yake. Cikin duhun wurin, jikin bango, akwai ɗan gurbi mai nuna alƙibla, don Musulmi ma sun daɗe suna ziyara nan.

Muka hau tudu muka shiga birni ta ƙofar gabas, wadda Larabawa ke kira Ƙofar Sitti Maryam. Daga nan hanyar da ake kira Hanyar Wahala take farawa. Kirista sun ce ta nan Annabi Isa ya bi ɗauke da gicciye. Tsawonta wajen mita 600 ne, kuma tana da zango 14. A kowane zango maziyarta suna tsayawa su yi addu'a. Zango na farko yana cikin filin wata lakwal ta yaran Musulmi. Kowace Juma'a da la'asar ana yin jerin gwano a bi hanyar tun daga farko har ƙarshe.

Kada ku zaci wuri ne mai shiru. Kasuwa ce. Lungu ne matsattse, shago na bin shago. Ga mai burodi, ga mai turare, ga mai tura amalanke yana ihu a ba shi hanya. Cikin wannan cunkoso za ka ga tsohuwa ta durƙusa tana kuka, wasu kuma sun saɓa babban gicciye na katako suna waƙa. Na ga ƴan Najeriya da yawa, sun yi anko da atamfa iri ɗaya. Mai shago ba ya ɗaga kai, ya saba. Masana tarihi da dama sun ce mai yiwuwa ainihin hanyar ta wani gefen birni ta bi, don garin ya rushe an sake gina shi sau da yawa. Wannan bai rage ma tsohuwar nan hawaye ba.

Bari in ɗan ratse. Kaɗan daga hanyar, dab da wata ƙofar Al-Aƙsa, akwai unguwar baƙar fata. Kakanninsu sun fito daga Cadi, da Najeriya, da Sudan, da Senegal. Akwai Hausawa cikinsu, da Filani, da mutanen Borno. Da yawansu alhazai ne da suka gama aikin Makka, suka ƙarasa Ƙudus don ziyara, suka zauna. Jikokinsu Larabci suke yi yanzu.

Ƙarshen hanya ita ce babbar majami'a, wato ɗakin ibadar Kirista. Turawa suna kiranta Majami'ar Kabari Mai Tsarki. Larabawa suna cewa Kanisatul Ƙiyama, wato majami'ar tashi daga matattu. Ga yawancin Kiristan duniya babu wuri kamarta. Sarkin Rum Kustantin ya sa aka gina ta, bayan uwarshi Helena ta zo ziyara, aka buɗe ta a shekara ta 335. Ta sha wuya. A shekara ta 1009 Alhakim, sarkin Masar, ya sa aka rushe ta. Aka sake ginawa. Yawancin ginin da ake gani yau na shekara ta 1149 ne. Gobara ta ci ta a 1808, girgizar ƙasa ta tsaga ta a 1927.

Daga waje ba ta da kwarjini. Gidaje sun matse ta ta ko'ina. Ƙofa biyu aka yi mata gefe da gefe, amma ta dama an toshe ta da duwatsu tun zamanin Salahuddini. Saura ɗaya tak. Ku riƙe wannan.

Da ka shiga, sai ka tarar da wani faffaɗan dutse kwance a ƙasa. Nan suka ce aka shirya gawa. Mata suna zuba mashi turare, su goge da ƙyalle, su kai ƙyallen gida tsaraba. A hannun dama akwai matakala mai tsayi zuwa wurin da ake kira Golgota, inda suka ce an kafa gicciyen. Akwai rami ƙarƙashin teburin ibada. Mutum ya durƙusa ya zura hannu ya taɓa dutsen. A hannun hagu kuma, ƙarƙashin babbar ƙubba, akwai ɗan ƙaramin ɗaki. Kabarin yana ciki. Mutum uku ko huɗu kaɗai yake ɗauka. Na yi wajen awa biyu cikin layi, ban yi minti ɗaya a ciki ba. Wata mata da ke gabana ta fito ba ta iya magana.

To, wa ke da wannan majami'a? Nan zancen yake. Ba ta ƙungiya ɗaya ba ce. Ƙungiyoyin Kirista 6 ne suka haɗu ciki. Manya uku su ne Girkawa, da Katolika, da Armeniyawa. Sai Kibɗawan Masar, da Suriyaniyawa, da mutanen Habasha. Kowa da harshenshi, da tufafinshi, da lokacin sallarshi. Kowane ginshiƙi, kowace fitila, kowace taga, an san mai ita. Wasu wurare kuma na tarayya ne. Akwai ruhubanawa, wato masu zaman ibada da ba su yin aure, waɗanda ke kwana ciki kullum.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sun daɗe suna faɗa, har da zubar da jini. Sarakunan Turkawa na Istambul, da suke mulkin ƙasar lokacin, suka fitar da doka a shekara ta 1757, suka ƙara ƙarfafa ta a 1852. Dokar ta ce kowa ya tsaya inda yake. Abin tarayya kuwa ba a taɓa shi sai duka sun yarda. Mulkin Turkawa ya wuce, na Ingila ya wuce, na Jodan ya wuce, dokar tana nan.

A wurin nan shara ma hujja ce. Wanda ya share wuri, ko ya gyara shi, gobe zai ce nashi ne. Ku manoma kun san zancen. Ka ba mutum aron gona, ya nome ta shekara goma, ya zuba taki, ya dasa icce, wata rana ɗanshi zai ce gonar ubanshi ce. Don haka a majami'ar nan ba a barin maƙwabci ya taya ka shara. Tsintsiya tana da iyaka kamar gona.

In ka tsaya a fili ka ɗaga kai, za ka ga wani ɗan tsani na katako jingine ƙarƙashin taga, bisa ƙofa. Yana cikin wani zane da aka yi a shekara ta 1728, wato ya kusa shekara 300 a wurin. Ba a ɗauke shi, don ba a yarda da wanda ke da ikon ɗaukewa ba. Bisa rufin wani sashe kuma akwai ƴan ƙananan ɗakuna kamar na ƙauyenmu, inda ruhubanawan Habasha suke zaune. Su da Kibɗawa suna jayayya a kan wurin. A shekara ta 2002, wata rana mai zafi, wani Bakibɗe da ke zama can ya ja kujerarshi zuwa inuwa. Aka ce ya ƙetare iyaka. Faɗa ya kaure, mutum 11 suka ji ciwo. A 2008 ma Girkawa da Armeniyawa sun ba hammata iska a gaban kabarin, sai da ƴan sanda suka shiga.

Baƙi suna dariya in an ba su labarin tsanin. Ni ma na yi. Amma da na tuna rigimar da nake gani a bakin rijiya, kan wane ne zai fara zura wasaki, da wadda ake yi kan taku biyu na burtali, sai dariyar ta tsaya. Abin kunya ne masu ibada su yi dambe. Sai dai mutanen nan sun yi ɗaruruwan shekaru cikin ɗaki ɗaya, kuma har yau ana yin sallar kowa a kan lokacinta. Dokar da ta hana a ɗauke tsani, ita ce ta hana mai ƙarfi ya kori mara ƙarfi.

Illarta ita ce gyara. Ɗan ɗakin kabarin, wanda aka gina a 1810, ya tsattsage har ya kusa faɗuwa. A 1947 Ingilishi suka ɗaure shi da ƙarafa daga waje. Haka ya zauna shekara 70, kowa na tsoron maƙwabci ya gyara ya ce nashi ne. Sai a 2016 manyan ƙungiyoyin uku suka haɗa kai. Masana daga Girka suka yi aikin, aka gama a watan Maris na 2017. Cikin waɗanda suka ba da kuɗi har da Sarki Abdullahi na Jodan, Musulmi. A lokacin aikin aka ɗaga farin dutsen da ya rufe kabarin, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ba a ɗaga ba. Aka auna tsohon kwaɓin da ke ƙarƙashi, aka tarar na zamanin Kustantin ne. Da suka ga an yi lafiya, a 2022 suka shiga gyaran daɓen majami'ar.

Yanzu ku tambayi kanku. Ƙungiya 6, ƙofa ɗaya. Wa za a ba mabuɗi? In Bagirke ya riƙe, Ba'armeniye ba zai yi barci ba. To, ba ya hannun ko ɗaya cikinsu. Yana hannun gidaje biyu na Musulmin Ƙudus. Gidan Juda su ke ajiye mabuɗin. Gidan Nusaiba su ke buɗe ƙofa su rufe. Mai ajiya ba ya buɗewa, mai buɗewa ba ya kwana da mabuɗi.

Labarin yana da tsawo. Masu tarihi sun ce lokacin da Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya karɓi birnin, wajen shekara ta 638, shugaban Kirista Sofroniyus ya zaga da shi cikin majami'ar. Lokacin salla ya yi. Aka ce ya yi sallarshi nan, ya ƙi. Ya ji tsoron kada Musulmi na baya su ce tun da Umaru ya yi salla a wurin, ya zama masallaci. Ya fita waje ya yi. Masallacin da ke fuskantar filin majami'ar yau, wanda aka gina a 1193, sunanshi yake ɗauke da shi. Gidan Nusaiba sun ce aikinsu ya faro tun wancan zamani. Gidan Juda kuwa sun ce Salahuddini ya damƙa musu mabuɗin bayan ya ƙwace birnin daga mayaƙan Turai a 1187, kuma suna riƙe da takardun sarakunan Turkawa masu tabbatar da aikin.

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta. Ba don zumunci kaɗai aka fara wannan ba. Da farko mabuɗin mai nasara ne. Sarki yana so ya san mai shiga da mai fita, kuma ana karɓar kuɗi ga kowane maziyarci a bakin ƙofa. Daga baya aka soke kuɗin. Sarakunan suka shuɗe. Mabuɗin ya rage a hannun gidajen nan biyu, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, har ya zama amana. Yau su kansu masu majami'ar ba su neman a canza.

Ba kowa ke samun isa ƙofar ba. Tun 1967 tsohon birnin yana hannun Isra'ila, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa shi cikin ƙasar da aka mamaye. Baitalami, garin da aka haifi Annabi Isa, wajen kilomita 10 ne kawai daga nan. Amma Bafalasɗine Kirista na can sai ya samu takardar izini kafin ya wuce shingen soja, kuma ba kullum ake samu ba. Baƙo daga Amurka ya fi shi sauƙin shiga. Kiristan da ke zaune Ƙudus ba su kai 2 cikin 100 na mutanen garin ba. In yaƙi ya tashi kuma, kamar wanda ya fara a watan Oktoba na 2023, baƙi suna ɗauke ƙafa, masu shago da masu ja-gora su rasa abin kai ma iyali.

Gani ya kori ji. Na ce sai na ga buɗe ƙofar da idona. Na tashi tun kafin kiran assalatu, na lulluɓa da bargo don sanyin garin ba wasa ba ne. Lungunan kasuwa duk a rufe, ba kowa sai kyanwoyi. Wajen ƙarfe 4 na isa filin. Mun kai mu goma, kowa ya yi shiru.

Sai ga mutum biyu sun zo, cikin tufafi irin na kowa. Ɗaya ya fiddo mabuɗin. Tsawonshi wajen santimita 30 ne, bai kai kamu ɗaya ba, baƙi ƙirin, ya sha hannu. Ya miƙa ma ɗayan. Wannan ya ƙwanƙwasa ƙofa. Jikin ƙofar akwai ƴar taga. Aka buɗe ta daga ciki, wani cikin ruhubanawan da suka kwana a kulle ya turo ɗan tsani waje. Ƙofar tana da kwaɗo biyu, ɗaya ƙasa, ɗaya can sama inda hannu ba ya kai. Ya buɗe na ƙasa. Ya jingina tsani, ya hau, ya buɗe na sama. Ya sauko, ya mayar da tsanin ta taga. Aka ja manyan ƙyamaren, ƙamshin turare ya fito, da muryar masu addu'a can ciki. Suka gaisa da Larabci, Musulmi na waje, Kirista na ciki. Mai buɗewa ya mayar ma mai ajiya mabuɗinshi. Duka abin bai kai minti biyar ba. Da dare haka za su dawo su rufe.

Maziyarta suka shige ciki da sauri don su riga layi. Ni na tsaya a fili har aka kira salla daga hasumiyar masallacin Umaru.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu gangara Baitalami, mu ga filin da ake kira Filin Makiyaya, da irin tumakin da ake kiwo a can, masu kitse a wutsiya. Makiyaya, ku shirya kunne.